Guntuwar Mota Mai Dogon Zango: Abin Da Ya Sa Suleja Ta Kasa Rabuwa Da Golf

SULEJA – Duk wanda ya yi sammako ya fito bakin titi a yankin Iku na garin Suleja, tun kafin masu shayi su gama hura wuta, zai tarar jerin motoci ya riga ya miƙe zuwa Madalla da Zuba. Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa da leburori, kowa yana haramar isa Abuja kafin rana ta ɗaga. A cikin wannan ayari akwai bas-bas, akwai motocin alfarma, akwai kuma tankokin da ke zirga-zirga zuwa ma'ajiyar mai ta NNPC da ke Maje. Amma wadda ba a taɓa rasawa a tsakaninsu ita ce wata guntuwar mota mai yankakken baya, wadda sau da yawa fentinta ya koɗe, amma da zarar hanya ta buɗe sai a neme ta a rasa. Ita ce Volkswagen Golf.

Abin lura shi ne, samfurin da aka fi sani a nan, wato Golf 3, an daina ƙera shi a Jamus tun kafin a haifi yawancin samarin da ke tuƙa shi a yau. Duk da haka direban haya yana riritata kamar 'yar fari, saurayi mai sha'awar tuƙi yana tara kuɗi domin ya mallake ta, dillali kuma ba ya fargabar ta yi masa kwantai. Wannan ƙauna ba ta rasa dalili. Wani ɓangare nata lissafin aljihu ne, wani ɓangaren kuma sha'awa ce tsantsa, kuma dukansu biyu suna komawa ga abu guda: rashin nauyin motar.

Asalin ƙirar

A 1974 ne kamfanin Volkswagen ya fito da Golf ta farko domin ta gaji Beetle, wadda kasuwarta ta fara ja da baya a Turai. Wani ɗan Italiya mai suna Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta. An ɗauke injin daga baya aka mai da shi gaba, aka kwantar da shi a gicciye, aka sa tayoyin gaba su riƙa jan motar, sannan aka yi mata ƙofa a baya wadda ke buɗewa sama tare da gilashinta. Da wannan dabara aka sami mota gajera a waje, mai yalwa a ciki, wadda ba ta ɗauke da ƙarfen da ba ta bukata.

Wasu injiniyoyin kamfanin, bisa raɗin kansu, suka ga cewa idan aka ɗora wa wannan jiki marar nauyi injin mai ɗan ƙarfi, za a sami abin mamaki. Sakamakon aikinsu shi ne Golf GTI da ta shiga kasuwa a 1976. Injinta lita 1.6 ne mai ƙarfin doki 110, nauyinta kuma kimanin kilo 810, tana iya gudun kilomita 182 a sa'a guda. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kacal, amma kafin a rufe wannan samfuri an ƙera fiye da 450,000.

Sirrin yana cikin rabon ƙarfi da nauyi. Idan aka raba doki 110 a kan kilo 810, kowane tan ɗaya na motar yana samun kusan doki 136. Babbar mota mai doki 200 wadda nauyinta ya kai tan biyu, doki 100 kawai kowane tan nata ke samu. Saboda haka ƙaramar za ta riga ta tashi, ta fi ta saurin shan kwana, ta fi ta sauƙin tsayawa, kuma ta yi duk wannan da man da bai kai na babbar ba.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Peugeot ta fito da 205 GTI a 1984, kuma samfurin tsere na 205 ya lashe gasar Paris-Dakar a 1987 da 1988, a zamanin da gasar ke ratsa hamadar Jumhuriyar Nijar ta Agadas. A Japan kuwa, Toyota ta sanya wa 'yar ƙaramar Starlet injin lita 1.3 mai turbo, wanda ƙarfinsa ya haura doki 130. Ita kanta Golf ta ci gaba da sabuntawa: ta biyu a 1983, ta uku a 1991, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1992.

Yadda ta zo mana

Idan mai karatu bai manta ba, akwai lokacin da ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ke karɓar rancen mota ya sayi sabuwa fil. Kamfanin Peugeot na Kaduna da na Volkswagen na Legas duk sun fara harhaɗa motoci a 1975, kuma a wancan zamani Naira ta fi Dalar Amurka daraja. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 ya sauya wannan lissafi. Kasuwar musayar kuɗaɗen waje da aka buɗe a watan Satumba na shekarar ta kai Dala ɗaya fiye da Naira 4, kafin 1993 kuma ta kai wajen Naira 22 a farashin gwamnati. Da yake yawancin kayayyakin da ake harhaɗawa daga waje ake sayo su, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi, kamfanonin kuma suka shiga halin ni-'ya-su.

Giɓin da aka bari shi ne motocin gwanjo na Turai suka cike, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, akasarinsu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da yake Golf tana cikin motocin da aka fi saya a Jamus da maƙwabtanta, ita ce ta fi yawa a kasuwar tsofaffin motoci a can, saboda haka ta fi araha a nan.

A daidai wannan lokaci ne kuma Suleja ta sami kanta cikin wani sabon matsayi. Garin, wanda kogin Iku ya ratsa, shi ne ainihin Abuja, kafin ya bar wa sabon babban birnin sunan, ya ɗauki na marigayi Sarki Sulaimanu Barau. Dokar kafa birnin tarayya ta fito a 1976, kuma a Suleja ne ma'aikatan hukumar gina birnin suka fara yada zango, abin da ya sa har yau akwai unguwar da ake kira Field Base. Ranar 12 ga Disamba, 1991, aka dawo da fadar gwamnati daga Legas, shekarar da Golf 3 ta fito. Tsadar haya a Abuja ta tilasta wa dubban ƙananan ma'aikata zama a Suleja da Madalla, suna yin tafiyar kimanin kilomita 50 kowace safiya, su maimaita ta da yamma. Gari irin wannan yana bukatar mota mai araha, mai ƙarancin shan mai, mai jure wahala. Da aka fito da Golf mai dogon baya a 1993, wadda ake kira wagon, direbobin dogon zango na hanyoyin Minna da Kaduna suka sami abin da suke nema, domin ga wurin fasinja ga na kaya.

Lissafin aljihu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, batun shan mai ya tashi daga hirar gareji ya koma batun tukunyar gida. Litar da ake saya a kan kimanin Naira 195 a yankin Abuja ta koma Naira 537 cikin 'yan kwanaki, ta kai Naira 617 a watan Yuli na shekarar, sannan ta kai Naira 1,030 a gidajen man NNPC a watan Oktoba na 2024.

Mu ƙaddara wani ma'aikaci yana zaune a Iku, yana aiki a tsakiyar Abuja, yana cin kilomita 100 zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Idan motarsa tana shan lita 8 a kowane kilomita 100, yana bukatar lita 176 a wata. A tsohon farashi wannan Naira 34,320 ke nan. A farashin Yuli 2023 ya zama Naira 108,592, a na Oktoba 2024 kuma Naira 181,280. In kuwa babbar mota ce mai shan lita 13, to a wannan farashi na ƙarshe sai ya kashe Naira 294,580. Bambancin da ke tsakanin motocin biyu, Naira 113,300, ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Wannan ne ya sa masu manyan motoci da dama suka ajiye su a gida, masu ƙananan kuma suka koma ɗaukar fasinja a hanyarsu ta zuwa ofis domin rage zafi.

Abu na biyu shi ne abin da masana tattalin arziki ke kira amfanin yawa. Kowace Golf da ta ƙaru a kan titi tana ƙara wa sauran daraja, domin tana ba ɗan kasuwa dalilin ajiye kayan gyaranta, tana ba yaron gareji dalilin koyon aikinta. Daga kasuwar kayan mota ta Zuba zuwa Panteka a Kaduna, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Ladipo a Legas, da wuya a nemi wani abu na wannan mota a rasa. Idan ta lalace a Lambata ko a Sabon Wuse, akwai bakaniken da zai tashe ta kafin rana ta faɗi. Ga direban da zai kai wa mai mota balas kowace yamma, kwana ɗaya a gareji hasara ce biyu: ga kuɗin gyara, ga rashin ciniki. Motar zamani mai bukatar a jona ta da kwamfuta kafin a gane ciwonta ba za ta iya ba shi wannan kwanciyar hankali ba.

Abu na uku shi ne sauƙin sayarwa. A ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kuɗin da aka ajiye a banki narkewa yake yi. Kadarar da za a iya mai da ita kuɗi cikin kwana biyu ko uku, in rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso, ta zama tamkar asusu. Kamar yadda manomi ke ajiye sa ko rago, haka ɗan birni mai ƙaramin ƙarfi ke kallon motarsa.

Ɓangaren sha'awa

Sai dai lissafi kaɗai ba zai bayyana abin da ya sa saurayi zai wuni ranar Lahadi yana wanke motar da ta girme shi ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba girman doki ne ke cin sukuwa ba, kuma mahayi na gari ya fi son dokin da ke jin linzami. Abin da masu sha'awar ƙananan motoci ke nema ke nan. Sukan ce motar tana jin hannu: da an juya sitiyari ta amsa, da an taka totur ta zabura, direba yana jin yanayin titi a tafin hannunsa. Giyar hannu ce, saboda haka shi ke yanke shawarar lokacin canji, ba wata na'ura ba. A cunkoson Madalla ranar kasuwa, ko a lungunan tsohon gari inda babbar mota sai ta yi ta kai da komo kafin ta juya, guntuwar mota wucewa kawai take yi.

Gaskiya ne yawancin waɗanda ke titunanmu ba GTI ba ne, masu injin 1.6 ne ko 1.8 na yau da kullum. Amma jikin ɗaya ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu sha'awa kan nemi mai ƙofa biyu, su sauya mata wili, su sa mata salansa mai amo, su gyara fenti da kujeru. Wasu kuma Starlet suke bi, saboda ta fi Golf ma rashin nauyi. Wannan sha'awa tana ciyar da mutane da yawa: mai fenti, mai walda, mai ɗinkin kujera, mai gyaran waya, mai faci. Kuma ita ce sha'awar mota ɗaya tilo da ɗan talaka zai iya shiga ba tare da ya mallaki miliyoyi masu yawa ba. Haka abin yake a wasu garuruwa, kowanne da tasa: mutanen Ibadan da Nissan Micra, mutanen Yamai da Starlet.

Inda gizo ke saƙa

Rashin nauyin da ya sa ake son motar shi ne kuma abin da ake fara zubarwa a tasha. Al'adar da aka saba ita ce mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ga direba, ga buhuna a but har ƙofar ta ƙi rufuwa sai an ɗaure da igiya. Mu ƙaddara nauyin motar kilo 1,100 ne, injinta doki 90. Mutum bakwai, kowanne kilo 65, sun ba da kilo 455, a ƙara kaya kilo 150, jimla ta zama kilo 1,705. An ƙara mata kashi 55 cikin ɗari na nauyinta, rabon ƙarfinta kuma ya faɗo daga doki 82 zuwa 53 a kowane tan. Motar da aka saya domin zafin nama ta zama jaki, amma direba yana ci gaba da tuƙa ta kamar doki.

Haɗarin ya fi bayyana wajen tsayawa. Aikin da birki zai yi yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma game da gudu ninkin-ba-ninki yake yi. Wanda ya tashi daga kilomita 80 zuwa 120 ya ninka wa birkinsa aiki sau biyu da kwata. Idan aka haɗa da lodin da muka ambata, birki da tayoyin, waɗanda galibi su ma na gwanjo ne, za su yi aikin da ya kai ninki uku da rabi. Shi ya sa kalmomin nan, mota ƙirar Golf, suka zama sanannu a cikin rahotannin haɗurra. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kayyade gudun kilomita 100 ga motocin gida da 90 ga na haya a kan tagwayen hanyoyi, ta kuma fara tilasta sanya na'urar kayyade gudu a motocin haya a watan Fabrairu na 2017. Amma muddin kuɗin mai da balas da na 'yan kamasho ba za su fita ba sai da fasinja shida da sawu mai yawa, doka za ta ci gaba da kokawa da yunwa.

Akwai kuma batun tsufa. An zana wannan mota kafin a kafa hukumar gwajin karo ta Turai a 1997, kuma jikin da ya sha tsatsa da walda shekara talatin ba zai kare mutum kamar sabo ba. Wasu makanikai kan cire injekta su sa kafireto domin sauƙin gyara, abin da kan ƙara shan mai da hayaƙi, ya cinye ribar da ake taƙama da ita. Su kuma samarin da ke wasa da mota a wajen ɗaurin aure ko a titin unguwa, ya kamata su tuna cewa gwanin tsere na ƙasashen waje a keɓaɓɓen fili yake yi, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Sauri, in ji masu iya magana, ya kan haifi nawa.

Ina aka dosa?

Rijiyar da ake ɗebo waɗannan motoci tana ƙafewa. A Turai an daina ƙera guntuwar Golf 3 a 1997, wagon kuma a 1999. Ko a ƙarƙashin iyakar shekara 15 da gwamnati ta sanya wa motocin gwanjo a 2010, ƙofar shigo da su ta halal ta rufe tun 2014. An haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017, sannan faɗuwar Naira, wadda ta haura 1,500 a kan Dala ɗaya a watan Fabrairu na 2024, ta ƙara wa kayan gyara tsada. Abin da ya rage shi ne a yanka wata domin a raya wata.

A can Turai ma ƙirar tana sauyawa. Dokokin kariya da na hayaƙi sun ƙara wa motoci nauyi, har GTI ta takwas ta haura kilo 1,400, Polo ta yanzu kuma ta fi Golf ta farko tsawo. Kamfanin Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023. Ma'ana, nan gaba kasuwar gwanjo za ta riƙa turo mana motoci masu nauyi da sarƙaƙiyar lantarki, ba irin waɗanda garejinmu ya saba da su ba. Shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, yana rage kuɗin mai, sai dai tukunyar ƙarfen tana da nauyi kuma tana cinye but, wanda a guntuwar mota dama ba shi da yawa.

Akwai darasi a Afirka ta Kudu. A can, maimakon a jira gwanjon Turai, kamfanin Volkswagen ya ci gaba da ƙera Golf ta farko a Uitenhage da sunan Citi Golf, daga 1984 har zuwa 2009, fiye da guda 370,000, sabbi, masu araha, da ma'aikatan ƙasar. Da aka rufe ta aka maye gurbinta da Polo Vivo a kan wannan manufa. A nan kuwa manufofinmu ba su cika daɗewa ba: tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗaga harajin shigo da motoci zuwa kashi 70 cikin ɗari a jimlace, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare harajin ƙari zuwa kashi 5. Mai zuba jari ba ya gina masana'anta a kan dokar da bai san ko za ta kai baɗi ba.

Titin Suleja zuwa Abuja ya riga ya yi wa masu tsara manufa binciken kasuwa kyauta. Jama'a sun nuna da kuɗinsu irin motar da suke so: ƙarama, marar nauyi, mai sauƙin gyara, mai daɗin tuƙi. Abin da ya rage shi ne tsayayyen haraji, da rancen sayen mota da ƙungiyoyin direbobi za su iya tsaya wa mambobinsu, da horar da makanikai a kan injinan zamani, da kuma wadatattun bas-bas a wannan hanya domin a daina ɗora wa motar mutum biyar aikin da ba nata ba. Kafin nan, tsohuwar Golf za ta ci gaba da fitowa daga Iku kowace asuba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ko zuma tana ƙarewa in ba a kafa sabuwar amya ba.